Ban Yi Haɗari Ba, Me Ya Sa Kuɗin Inshorar Motata Ya Ƙaru? Fashin Baƙi Kan Rangwamen Rashin Neman Diyya

Mutum ya yi shekara cur bai gogi motar kowa ba, bai nemi kamfanin inshora ya biya shi ko sisin kwabo ba, sai ga takardar sabunta inshora ta iso, kuɗin da ake nema a hannunsa bana ya fi na bara. A cikin takardar kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa rangwamensa na rashin neman diyya ya ƙaru da shekara guda. To ta yaya rangwame zai ƙaru, kuɗin biya ma ya ƙaru? Ha'inci ne kamfani ya yi, ko akwai wani lissafi da mai mota bai gani ba?

Wannan tambaya ta cika bakin direbobi a Birtaniya cikin 2023 da 2024. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar, ABI, ta ce matsakaicin abin da aka biya na cikakkiyar inshorar mota a 2023 ya kai fam 543, ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan na 2022, kuma a watanni ukun farko na 2024 ya haura zuwa fam 635. Akasarin waɗanda ƙarin ya faɗa wa ba su yi haɗari ba. A cikinsu akwai 'yan uwanmu da yawa da karatu ko aikin asibiti da kula da tsofaffi ya kai can, waɗanda mota ba kayan ado ba ce a wurinsu, da ita suke zuwa neman abinci.

Tushen ruɗanin guda ne: mutane na ɗaukar rangwamen a matsayin alƙawarin cewa farashi ba zai motsa ba muddin sun kiyaye. Rangwamen ba irin wannan alƙawari ba ne, amma kuma kamfanoni kaɗan ne suka damu su yi wa abokan hulɗarsu bayani tun kafin takardar ta zo.

Mene ne ainihin rangwamen?

Duk shekarar da mutum ya kammala da inshora a sunansa ba tare da an biya diyya a kansa ba, kamfani na rubuta masa shekara guda. A takardu ana taƙaita sunan abin da NCD ko NCB. Waɗannan shekaru su ake mayarwa ragi a kan kuɗin inshorar shekara mai zuwa. A Birtaniya babu dokar da ta yanke yawan ragin, kowane kamfani da ma'auninsa, amma abin da aka saba ji shi ne wajen kashi 30 cikin ɗari bayan shekarar farko, ya riƙa hawa har ya kai kashi 60 ko sama da haka bayan shekara biyar. Daga nan hawan yakan yi sanyi ƙwarai. Wasu kamfanoni na tsayar da ƙirga a shekara biyar, wasu a tara, wasu su wuce haka, sai dai bambancin mai shekara shida da mai shekara goma ba ya kai bambancin mai shekara ɗaya da wanda bai da ko ɗaya.

Faransa ta bi wata hanya dabam, inda doka ce ta tsara ma'aunin ga kowa. Direba na farawa da maki 1.00, kowace shekarar da ta wuce lafiya a rage masa kashi 5 cikin ɗari, sai ya shekara 13 kafin ya kai 0.50, wato rabin farashi, kuma nan ne iyaka. Haɗari guda da laifin ya zama nasa gaba ɗaya na ƙara masa kashi 25. Tsarin Faransa ya fi fitowa fili, na Birtaniya ya fi saurin ba da ragi, amma dukkansu a kan abu ɗaya suka tsaya: kaso ne ake cirewa daga farashi, gwargwadon shekarun da aka yi lafiya.

Akwai ƙa'idoji da ke yawan shammatar mutane. Shekarun na direba ne, ba na mota ba, don haka in ya sayar da motar ko ya sauya kamfani yana tafiya da abinsa, da shaidar da tsohon kamfanin zai ba shi. Amma a kan mota ɗaya kaɗai ake ɗora su a lokaci guda. Wanda ya sayi mota ta biyu yawanci daga sifili zai fara mata. Matar da aka sa sunanta a inshorar mijinta a matsayin ƙarin direba, ko ɗa a inshorar mahaifinsa, galibi ba sa tara komai da wani kamfani zai karɓa, ko da sun shekara goma suna tuƙi lafiya. Wanda ya soke inshora a wata na goma ya yi asarar shekarar. Sannan shaidar ba ta dawwama: yawancin kamfanoni ba sa karɓarta idan mutum ya wuce shekara biyu ba shi da inshora a sunansa. Wanda ya dawo gida ya yi shekara uku ya koma, sai ya tarar shekarunsa sun bi ruwa.

Kaso ne, ba farashi ba

Kamfani na fara lissafa farashin tushe, wato abin da zai caji mutum da a ce ba shi da tarihi ko kaɗan. A nan ake duba shekarun haihuwarsa, unguwar da yake zaune, irin motar da ƙarfin injinta, sana'arsa, yawan tafiyar da yake yi a shekara, inda motar ke kwana, laifuffukan hanya da ke kan lasisinsa, da tsadar gyara a kasuwa. Bayan an gama wannan ne ake cire rangwamen. Rangwamen ba ya taɓa farashin tushe, yanka kawai yake yi daga duk abin da ya tarar.

Ga misali da ƙirƙirarrun lambobi don abin ya fito sarai. Bara farashin tushen wani direba fam 1,000 ne, rangwamensa kashi 60, ya biya fam 400. Bana bai yi haɗari ba, rangwame ya hau zuwa kashi 65. Amma kamfani ya sake lissafi, farashin tushe ya koma fam 1,300. Kashi 35 na 1,300 shi ne fam 455. Rangwamensa ya ƙaru da maki biyar, aljihunsa ya ragu da fam 55. Kamar ɗan kasuwar da ya ce ya ƙara yi maka ragi a buhun shinkafa saboda kai tsohon kwastoma ne, alhali farashin buhun ya riga ya tashi tun daga Dawanau: ragin gaskiya ne, tsadar ma gaskiya ce.

Wannan ne ya sa tsofaffin direbobi masu tsaftataccen tarihi suka fi kowa jin zafin ƙarin. Matashin da ya tashi daga sifili zuwa shekara ɗaya yana samun babban ragi da kan rufe hauhawar farashi, har ya ga kuɗinsa ya sauka. Dattijon da ya riga ya kai ƙololuwar ma'auni ba shi da sauran ragin da zai tare masa komai, duk abin da aka ƙara a tushe kai tsaye yake sauka a kansa. A ganina wannan shi ne wurin da ƙorafin mutane ya fi ƙarfi, domin wanda ya fi kowa kiyayewa shi ne aka bari ba garkuwa.

Me ya ɗaga farashin tushen?

Inshora asusu ne na taron jama'a. Kuɗin wanda bai yi haɗari ba da shi ake gyara motar wanda ya yi. Idan gyara ya yi tsada, kowa sai ya ji a jikinsa.

Gyara kuwa ya yi tsada. Bayan annobar korona an yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, sababbin motoci suka yi wuyar samu, farashin na hannu ya tashi, abin da kamfani zai biya kan motar da ta lalace gaba ɗaya ko aka sace shi ma ya tashi. Yaƙin Ukraine ya ɗaga kuɗin makamashi, gareji kuwa da wuta yake gasa fenti. Hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoban 2022. Kayan gyara suka riƙa jinkirin isowa, mota ta daɗe a gareji, kamfani na ta biyan kuɗin motar haya da aka ba mai ita ya riƙa lallaɓawa.

Su ma motocin sun canza. A da in aka bugi bamba, mai gyaran bodi zai buga ta ta miƙe, a fesa fenti, shi ke nan. Bambar motar yau cike take da na'urorin gane tazara, gilashin gaba na ɗauke da kyamara, fitila guda kan ci kuɗin da a da zai gyara gaban mota duka, kuma bayan an sauya su sai an sake saita su da kwamfuta. Ga ɓarayin da suka ƙware wajen sace motocin da ake tayarwa ba tare da sa makulli ba. ABI ta ce kamfanoni sun biya diyyar fam biliyan 9.9 a 2023, suka biya biliyan 11.7 a 2024. A kan duk wannan gwamnati na karɓar harajin kashi 12 cikin ɗari na kuɗin inshora tun watan Yunin 2017, don haka duk lokacin da farashi ya hau, harajin ma ya hau tare da shi.

Kamfanoni na cewa a 2022 da 2023 abin da suka kashe a diyya da gudanarwa ya zarce abin da suka tara daga masu motoci, ƙarin farashin cike gurbi ne. Masu kare haƙƙin masu saye na cewa ko da hakan ne, nauyin bai rabu daidai ba. Ƙungiyar Citizens Advice, mai ba jama'a shawara da kare haƙƙinsu a Birtaniya, ta fitar da bincike a 2022 da ya nuna mazauna unguwannin da baƙaƙen fata da 'yan asalin kudancin Asiya suka yi yawa ana yanka musu farashin da ya ɗara na sauran da aƙalla fam 280 a shekara. Kamfanoni sun ce ba sa tambayar launin fata, alƙaluman haɗari da sata na unguwa suke bi. Ko wane ne ya fi gaskiya, sakamakon ɗaya ne ga direban da ke zaune a irin wannan unguwa: tsaftar tarihinsa ba ta goge lambar unguwarsa. Lamarin ya kai ga gwamnati ta kafa kwamiti na musamman kan tsadar inshorar mota a watan Oktoban 2024.

"Ai ba laifina ba ne"

Nan ne aka fi samun ɓacin rai. Rangwamen na rashin neman diyya ne, ba na rashin laifi ba. A wurin kamfani, tambayar ba ita ce wa ya yi ganganci ba, tambayar ita ce: kuɗin da muka kashe, mun samu wanda ya mayar mana?

Mutum ya yi fakin a bakin kanti, ya shiga sayayya, ya fito ya tarar an murƙushe masa ƙofa, wanda ya yi ɓarnar ya gudu, babu kyamara, babu shaida. Bai aikata komai ba. Amma in ya nemi kamfani ya gyara, babu wanda kamfanin zai bi ya karɓo kuɗinsa, don haka za a rubuta abin a kansa, rangwame ya ragu. Haka abin yake ga sata, da ɓarnar 'yan ta'adi, da haɗarin da aka raba laifi biyu. Idan kuwa an bugi mutum ta baya a shataletale, aka san wanda ya buge shi, kamfanin wanda ya yi bugun ya amsa laifi ya biya komai, rangwamen ba ya taɓuwa. Sai dai in lokacin sabuntawa ya zo ba a gama sasantawa ba, ana iya rage shi na wucin gadi, a mayar daga baya tare da rarar kuɗin da aka caja. Wannan rara sau da yawa sai mutum ya bi ta da kansa. Sauya gilashi kaɗai yawanci ba ya shafar rangwame, kuma kamfanoni da dama na alƙawarin ba za su taɓa shi ba idan wanda ya yi karon ba shi da inshora, matuƙar an samu lambar motarsa.

Ragin da ake yi bayan an biya diyya ba yakan share shekarun duka ba ne. Abin da aka fi yi shi ne a mayar da mutum baya da shekara biyu. Amma a kula: a kamfanoni da yawa, daga ƙololuwar ma'auninsu ake ƙirgawa, ba daga ainihin shekarun mutum ba. Mai shekara tara a kamfanin da ma'auninsa ya tsaya a biyar na iya tsintar kansa da shekara uku.

Wani abin da ya fi wannan ɗaci: ko haɗarin da ba laifinka ba ne, wanda bai rage maka ko shekara ɗaya ba, yana iya ɗaga maka farashin tushe. Hujjar kamfanoni ita ce alƙalumansu na nuna wanda aka taɓa buga wa mota ya fi yiwuwar a sake, wataƙila saboda hanyar da yake bi ko wurin da yake ajiye mota. Ta fuskar lissafi ana iya kare wannan. Ta fuskar adalci ban gamsu da shi ba, domin an ɗora wa mutum kuɗin ganganci da wani ya yi.

Biyan kuɗi don kare rangwame

Kamfanoni na sayar da wani ƙarin tsari ga wanda ya tara shekaru, galibi daga huɗu zuwa sama: ka ƙara kuɗi kaɗan, in ka nemi diyya ba za a rage maka shekaru ba. Yawanci akwai iyaka, kamar sau ɗaya a shekara ko sau biyu cikin 'yan shekaru.

Mutane da yawa sun saya suna zaton sun ɗaure farashi ne. Abin da suka kare shi ne kason, ba kuɗin ba. A koma ga misalin ɗazu. Farashin tushe 1,000, rangwame kashi 60, biya 400. An yi haɗari, kamfani ya ga haɗarin direban ya ƙaru, ya mayar da tushe 1,200. Wanda ya kare rangwamensa zai biya 480. Wanda bai kare ba, aka mayar da shi kashi 50, zai biya 600. Kariyar ta yi amfani, ta tsare masa fam 120 a wannan shekara, amma ba ta hana kuɗinsa hawa ba, kuma dole a cire abin da ya yi shekaru yana biya na kariyar kafin a ce ya ci riba.

Ruɗanin ya yi yawan da hukumar kula da gasa a kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta ba da umarni a 2015 cewa duk mai sayar da wannan kariya sai ya faɗa wa mai saye nawa take ci, nawa rangwamen zai ragu in babu ita, sannan ya sanar da shi a fili cewa ba ta kare jimillar farashi. Bayanin na nan cikin takardu, a shafin da mutane ba su cika kaiwa ba.

In nemi diyya ko in gyara da kuɗina?

A kowace inshora akwai kason da mai mota ke fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya ɗora. A ce gyara zai ci fam 600, kason mai mota 350, kamfani zai biya 250 ke nan. Idan neman wannan 250 ya mayar da mutum daga kashi 60 zuwa 50, tushe kuma ya koma 1,200, zai biya ƙarin 200 a shekarar farko, wajen 140 a ta biyu, 80 a ta uku. Ya karɓi 250, ya mayar da 420. A irin wannan ƙaramar ɓarna, gyara da kuɗin kai ya fi. Amma in ɓarnar ta dubbai ce, ko an ji wa wani rauni, babu batun tsayawa lallaɓa rangwame, domin ranar nan aka yi inshorar.

Sai dai gyara da kuɗin kai ba ya nufin ɓoyewa. Sharuɗɗan kusan kowace inshora sun wajabta sanar da kamfani duk wani haɗari, ko da ba a neman komai, kuma kamfanoni na da rumbun bayanai na haɗin gwiwa mai suna CUE da ke ajiye irin wannan tarihi har shekara shida. Direbobi biyu kan sasanta a bakin titi, a yi musabaha a rabu, bayan wata biyu ɗayan ya je wa kamfaninsa da ciwon wuya. Wanda ya yi shiru ya shiga uku: ana iya soke masa inshora, kuma tambayar "an taɓa soke maka inshora?" za ta bi shi duk inda ya je neman wata.

Dokar 2022 da abin da ba ta yi ba

Shekaru da dama kamfanoni sun yi wata dabara: su jawo sabon mai saye da farashi mai rahusa, sannan su riƙa ɗaga masa kaɗan-kaɗan duk shekara, suna dogaro da cewa ba zai duba ba. Citizens Advice ta kai ƙara kan haka a watan Satumban 2018. Binciken hukumar kula da harkokin kuɗi, FCA, ya gano sabon mai saye na biyan wajen fam 285 na inshorar mota, wanda ya haura shekara biyar a kamfani ɗaya kuma yana biyan 370, alhali yanayinsu iri ɗaya ne. Wato riƙon amana ya zama abin da ake cin tarar mutum a kai, kuma rangwamen da ke ƙaruwa a takarda shi ke rufe wa mutum ido.

Daga 1 ga Janairun 2022 aka haramta hakan. Farashin sabuntawa ba zai wuce abin da kamfanin zai caji sabon mai saye mai irin yanayinka ba, in ya zo ta hanyar da ka zo. Tun 2017 ma an wajabta rubuta kuɗin bara kusa da na bana a takardar sabuntawa.

Dokar ta toshe ɓarna ta gaske, amma ba ta ce kamfaninka ne mafi araha a kasuwa ba. Kowane kamfani da irin direbobin da yake so a wannan shekara. Wani zai ba ka rangwamen kashi 70 a kan tushe mai tsada, wani kashi 55 a kan tushe mai sauƙi, na biyun ya fi araha. Lambar da ta dace a kwatanta ita ce ta ƙasan takarda, tare da kason da za ka fara biya da abubuwan da inshorar ta ƙunsa. Masu bibiyar kasuwar sun daɗe da lura cewa neman farashi makonni uku zuwa huɗu kafin wa'adi ya fi sauƙi a kan jira sai ranar ƙarshe. Mai biya wata-wata kuma ya sani bashi ne aka ba shi da ruwa a kai. A 2024 FCA ta ce ruwan kan kai kashi 20 zuwa 30 a shekara. Ga Musulmi wannan ba batun tsada ba ne kaɗai.

Sabon zuwa

Wanda ya shekara goma sha biyar yana tuƙi tsakanin Kano da Abuja ba tare da ko ƙwarzane ba, in ya sauka Birtaniya, a idon yawancin kamfanoni sabon direba ne. Kaɗan ne ke karɓar shaidar rangwame daga ƙasashen waje, lasisin Najeriya kuma wata 12 kawai ake tuƙi da shi, ba a musanya shi da na can, sai an yi jarrabawa. Farashin shekarar farko kan firgita mutum, a nan ne 'yan damfara ke samun shiga, su tallata inshora mai araha a WhatsApp da Facebook, su cika fom da ƙaryar adireshi ko ƙaryar shekarun rangwame. Ranar da 'yan sanda suka tsayar da mutum ko haɗari ya faru ake gane takardar banza ce. Tuƙi ba inshora na jawo tarar fam 300 da maki 6 na laifin hanya a lasisi, ana iya kwace motar, kuma maki 6 sun isa a soke lasisin wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba. Ma'aikacin kula da tsofaffi da ke zagaya gidaje da motarsa ya tabbata inshorarsa ta ƙunshi amfani don aiki, ba zuwa wurin aiki guda kaɗai ba.

A Najeriya fa?

Yawancin masu motoci a gida inshorar ɓangare na uku suke yanka, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ce ke tsayar da farashinta: daga 1 ga Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, diyyar ɓarnar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai Keke Napep naira 5,000, mai babur 3,000. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken takardar daga 1 ga Fabrairun 2025. A wannan mataki mai kiyayewa da mai ganganci kuɗi ɗaya suke biya.

Rangwamen rashin neman diyya a cikakkiyar inshora ake ganin sa, kuma sanarwar da ta ƙara kuɗin ta sa masa iyaka: bayan an cire kowane irin ragi, abin da za a biya ba zai gaza kashi 5 cikin ɗari na ƙimar motar ba.  Hakan na nufin wanda ake caja kashi 5 tun farko ba shi da sauran inda ragi zai sauka.

Ita ma ƙimar motar ta motsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 a 2024, farashin tokumbo da kayan gyara ya bi ta. Motar da aka yi wa inshora a kan miliyan 6, kashi 5 ɗinta naira 300,000 ne. In ƙimarta a kasuwa ta koma miliyan 12, kuɗin ya zama 600,000 ba tare da direban ya taɓa kowa ba. Wasu kan bar tsohuwar ƙima a takarda don su tsira daga ƙarin. Ranar haɗari ne abin ke fitowa, domin kamfani ba zai biya fiye da ƙimar da aka rubuta ba, kuma inda yarjejeniyar ta tanadi haka, zai rage diyyar gyara daidai da giɓin da ke tsakanin ƙimar takarda da ta kasuwa.

Masu takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, na da wata hanyar saka wa mai kiyayewa. Kuɗin da mahalarta suka zuba gudunmawa ce a asusun taimakon juna, in shekara ta ƙare aka biya diyya aka samu rara, ana raba wani kaso nata ga mahalarta, musamman waɗanda ba su karɓi diyya ba. Wannan rara ta dogara ne ga yadda asusun gaba ɗaya ya kaya a shekarar, don haka a shekarar da haɗurra da tsadar gyara suka cinye asusun, wanda bai yi haɗari ba ma ba zai samu komai ba. Kafin mutum ya sa hannu, ya tambayi dillalin ko ma'aikacin kamfanin yadda ake lissafa rarar, da lokacin da suka yi rabo na baya-bayan nan, sannan ya duba lambar motarsa a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, ya tabbatar inshorar da ya biya ta shiga.